Yadda Ake Zaɓen Tayoyin A/T ga Motar da ke Aikin Kwalta da na Daji

Motar da ake fita aiki da ita kowace safiya, kuma ake shiga hanyar burji ko ta duwatsu da ita idan hali ya kama, abu biyu take nema daga tayoyinta, kuma abubuwan nan biyu ba sa ga maciji da juna. Kwalta tana son taya mai yawan roba a ƙasa da ƙananan zane, wadda za ta yi tafiya shiru, ta kuma kama hanya idan an taka birki ana ruwan sama. Daji kuwa yana son taya mai manyan haƙora da faffaɗan rami a tsakaninsu, mai kaurin gefe wanda kaifin dutse ba zai yaga ba. Tayar da ake rubuta wa A/T, wato All-Terrain, ta kowace irin hanya, an ƙera ta ne domin ta tsaya a tsakiya, kuma duk abin da ta samu a ɓangare ɗaya sai ta rage wani abu a ɗayan. Saboda haka aikin mai saye shi ne ya san abin da zai iya haƙura da rashinsa, da abin da ba zai iya ba.

Kafin ka kalli kowace taya, ka zauna ka tuna tafiye-tafiyenka na watanni ukun da suka wuce, ka raba su tsakani da Allah: nawa ne a kan kwalta, nawa a kan burji da tsakuwa, nawa a cikin yashi, nawa kuma a cikin laka ta gaske wadda mota ke nutsewa. Mafi yawan masu irin wannan mota, idan sun yi lissafin ba tare da son zuciya ba, za su tarar kwalta ce ta cinye kaso mafi tsoka, dajin kuwa na ƙarshen mako ne ko na lokaci-lokaci. Wannan lissafi shi ya kamata ya jagoranci zaɓi, domin tayar da aka saya saboda tafiya ɗaya mai wuya a shekara, mai mota zai riƙa biyan kuɗinta kullum ta hanyar ƙara, shan mai da kuma tsawon nisan da mota ke yi kafin ta tsaya.

Rabe-raben tayoyin da kuma inda A/T ta faɗa

Tayoyin manyan motoci masu ja da ƙafa huɗu sun kasu kusan gida huɗu. H/T ita ce ta kwalta, kuma ita ce yawancin sababbin motoci ke fitowa da ita daga kamfani. M/T ta laka ce, mai manyan haƙora warwatse, wadda ke watsar da taɓo yayin da take juyawa, amma tana da gurnani a kan kwalta, tana saurin cinyewa, kuma riƙonta a jiƙaƙƙiyar hanya ba ya kai na sauran. A/T tana tsakanin waɗannan biyun. Akwai kuma R/T, wadda ta fito daga baya, tana tsakanin A/T da M/T. Ga motar da ake hawa kullum, ban ga dalilin sayen M/T ba sai ga wanda hanyar gidansa ko ta wurin aikinsa ke zama taɓo tsawon watanni.

Ita kanta A/T ba iri ɗaya ba ce, kuma a nan ne mutane da yawa ke yin kuskure. Akwai waɗanda suka karkata ga kwalta, irin su Yokohama Geolandar A/T G015, Continental TerrainContact A/T da Michelin LTX A/T2, masu zane a matse da tafiya mai laushi. Akwai kuma waɗanda suka karkata ga daji, irin su Falken Wildpeak A/T4W, Toyo Open Country A/T III, General Grabber A/TX da BFGoodrich All-Terrain T/A, wadda asalinta ya fito tun 1976, samfurin KO2 ya biyo a 2014, KO3 kuma a 2024. Wanda dajinsa bai wuce burji, tsakuwa da ɗan yashi ba, rukunin farko ya ishe shi har da saura. Wanda ke hawa duwatsu masu kaifi, ko yake ratsa wuraren da kututture da ƙaya ke yawan sukar taya, shi ne ke da hujjar shiga rukuni na biyu.

Idan taya tana gabanka, ka tsuguna ka dube ta da kyau. Ka lura da ƴan siraran tsaga da aka yi a kan kowane haƙori, waɗanda da ƙyar farce ke shiga cikinsu. Su ne ke buɗewa su share ruwan da ke kwance a kan kwalta, kuma tayar da ba ta da su da yawa tana da saurin santsi. Yana da kyau a tambaya ko tsagar ta kai har ƙasan haƙorin, domin a wasu tayoyin rabin zurfi kawai take, sai ta ɓace tun taya ba ta tsufa ba. Ka dubi kafaɗar tayar, wato inda zane ya gangaro zuwa gefe: idan haƙoran sun sauko ƙasa kaɗan, suna taimakawa wajen fita daga kwari kuma suna kare gefen daga yanka. A cikin ramukan wasu tayoyin za ka ga ƙananan tudu na roba, aikinsu shi ne turo tsakuwar da ta maƙale waje kafin ta huda ta kai ga wayar ƙarfen da ke ciki. Ga mai yawan bin hanyar tsakuwa, wannan ƙaramin abu yana da muhimmanci ƙwarai.

Karanta rubutun da ke jikin taya

A jikin ƙofar direba, ko a littafin mota, akwai takardar da kamfani ya rubuta girman taya, nauyin da za ta ɗauka da yawan iskar da ta dace. Daga nan ake farawa. Misali, 265/65R17 112S girma ne da ake yawan gani a Toyota Hilux da Land Cruiser Prado. Lamba 265 faɗin taya ne a milimita, 65 tana nufin tsayin gefen ya kai kashi 65 cikin 100 na faɗin, 17 kuma girman rim ne a inci. Lamba 112 ita ce ta lodi, ma'anarta taya ɗaya tana ɗaukar kilo 1,120, yayin da 115 ke nufin kilo 1,215, 121 kuma kilo 1,450. Harafin ƙarshe iyakar gudu ne: Q kilomita 160 a awa, R 170, S 180, T 190, H kuma 210. Ƙa'idar da ba a karya ta ita ce kada lambar lodin sabuwar taya ta gaza wadda kamfanin mota ya rubuta. Harafin gudu kuwa, tayoyin daji da yawa suna zuwa da Q ko R, don haka wajibi ne a duba abin da dokar ƙasa da kamfanin inshora suka yarda da shi kafin a sauka ƙasa da na asali.

Batun da ya fi kowanne tasiri a kan yadda mota za ta ji a hannu shi ne ƙirar jikin tayar. Samfuri ɗaya, girma ɗaya, yana iya zuwa iri biyu: na motocin fasinja, wanda wani lokaci ake sa masa P a gaban lambobi ko a bar shi ba harafi, da kuma mai LT, wanda aka yi domin motocin ɗaukar kaya. Mai LT ta fi kaurin jiki da zurfin zane, sau da yawa milimita 12 zuwa 13 tana sabuwa, kuma ta fi jure sukar dutse. Tana zuwa a matakai: C, wadda a yawancin girma ke ɗaukar iska har psi 50 (psi shi ne ma'aunin matsin iskar taya), D har 65, E kuma har 80. Za ka ji ana cewa E tana da shimfiɗa goma, D takwas, C shida, amma wannan tsohon ma'aunin ƙarfi ne daga zamanin da ake yin taya da zaren auduga. Tayar yau mai matakin E galibi shimfiɗa biyu ko uku ce a gefenta, kuma an rubuta ainihin adadin a jikinta da ƙananan haruffa. Wanda ke tsoron yagewar gefe, wannan rubutun ya kamata ya nema.

Mutane da yawa suna ɗauka cewa E ita ce mafi kyau tunda ita ce mafi ƙarfi, sai su ɗora ta a kan motar da ba ta ɗaukar komai sai direba da iyalinsa. Sakamakon shi ne mota ta yi tauri, kowane ƙaramin rami ya shigo har kujera, birki da shokoziba su riƙa wahala da ƙarin nauyin da kan kai kilo 4 zuwa 6 a kowace ƙafa, mai kuma ya riƙa tafiya. Nauyin da ke juyawa a ƙafar mota ya fi nauyin da ke kwance a bayanta cin ƙarfin inji, domin sai an juya shi kuma an tura shi gaba a lokaci guda, musamman a tuƙin cikin gari inda ake yawan tsayawa da tashi. A ganina, ga matsakaiciyar mota da ake hawa kullum, LT mai matakin C ko kuwa tayar fasinja mai kyau ita ce daidai. Matakin E na wanda ke jan tirela ne, ko mai lodi mai nauyi a kai a kai, ko mai doguwar tafiya a kan duwatsu nesa da inda za a samu mai faci.

Akwai wani abu da ba kasafai ake gaya wa mai saye ba, kuma rashin saninsa yana da haɗari. Tayar LT tana bukatar iska fiye da ta fasinja kafin ta ɗauki nauyi iri ɗaya. LT265/70R17, alal misali, tana ɗaukar kusan kilo 860 ne kawai a psi 35, sai a psi 50 take kai kilo 1,120, kuma kilo 1,450 da aka rubuta wa mai matakin E ba ya samuwa sai a psi 80. Wanda ya canja daga tayar fasinja zuwa LT ya ci gaba da bin lambar da ke jikin ƙofa, yana iya tafiya da ƙarancin iska bai sani ba. Abin yi shi ne a nemi jadawalin lodi da iska na kamfanin tayar, a ga yawan iskar da zai ba da ƙarfin ɗaukar kaya daidai da na asali. A ɗaya ɓangaren kuma, idan an sa taya mai alamar P a kan babbar mota ko ta ɗaukar kaya, ƙa'idar masana'antar taya ita ce a raba nauyin da aka rubuta mata da 1.10, wato a rage mata kusan kashi 9 cikin 100.

Ƙara girman taya

Sha'awar sa babbar taya tana kama kusan duk mai irin wannan mota, kuma ba laifi ba ne, domin taya ce kaɗai ke ɗaga ƙasan gatarin mota daga ƙasa. Sai dai a yi lissafi. Taya 265/65R17 tsayinta kusan milimita 776 ne, 265/70R17 kuma kusan 803. Bambancin milimita 27 ne, amma rabinsa kawai mota ke samu na tsayi, wato kimanin milimita 13. A madadin haka, agogon gudu zai riƙa nuna ƙasa da abin da yake nunawa a da da kusan kashi 3.4 cikin 100, ma'aunin nisan tafiya shi ma zai rage lissafi, tashin mota zai ɗan yi nauyi, kuma mai giyar otomatik zai ji tana yawan canja giya a kan tudu. Ƙari na mataki ɗaya irin wannan yawancin motoci suna ɗaukarsa. Wuce nan kan jawo gogar jikin mota, ɗaga ƙafafu, canja rim, wani lokaci har da canja haƙoran gatari, kuma daga nan aikin ya tashi daga sayen taya ya koma sake fasalin mota.

Kafin a biya kuɗin babbar taya, a sa guda ɗaya a gaba, a murɗa sitiyari har ƙarshe hagu da dama, a leƙa a ga ko tana taɓa wani abu. A tuna cewa mota a tsaye a fili ba ta nuna komai. Gogar tana fitowa ne lokacin da ƙafa ɗaya ta hau tudu sifirin ya matse, sitiyari kuma yana murɗe. A kuma gwada ko sabon girman zai shiga mazaunin safaya. Game da rim, ga aikin daji ƙarami ya fi: rim 17 da doguwar gefen taya ya fi rim 20 da gajeren gefe jure rami da dutse, kuma ya fi ba da damar rage iska.

Riƙon jiƙaƙƙiyar hanya

Idan da za a ce in zaɓi abu ɗaya da mai hawa kullum zai fifita, riƙon kwalta lokacin ruwa zan zaɓa. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa, kuma ƴan mitocin da ke tsakanin taya mai kyau da mara kyau wajen tsayawa su ne ke raba tsira da karo. Maƙalewa a laka ɓata lokaci ne da wahala, amma zamewa a kan babbar hanya da mutane a cikin mota maganar rai ce. Tayoyin da ake sayarwa a ƙasashen Tarayyar Turai suna zuwa da takardar da ke nuna matakin riƙon ruwa daga A zuwa E, tare da na shan mai da na ƙara, kuma ana iya duba wannan a intanet ko da a wata nahiya za a sayi tayar. Tayoyin fasinja na kasuwar Amurka suna da nasu matakan, AA, A, B da C, sai dai ba a wajabta wannan rubutu a kan masu LT ba. Gwaje-gwajen da mujallun motoci masu zaman kansu ke yi, inda ake auna nisan tsayawa da mota ɗaya a hanya ɗaya, sun fi yabon talla amfani.

Alamar M+S, wato laka da dusar ƙanƙara, da ke jikin kusan kowace A/T tana magana ne a kan siffar zane, ba shaidar cin wani gwaji ba ce. Alamar dutse mai ƙololuwa uku da hoton ƙanƙara a ciki ita ce ke nuna taya ta ci gwajin tafiya a kan dusar ƙanƙara. Tana da amfani ga mazauna ƙasashe masu tsananin sanyi, ko da yake ba ta mayar da A/T tayar hunturu ta gaske ba. Wanda ba ya ganin dusar ƙanƙara ba sai ya damu da ita ba.

Ƙara kuwa, A/T galibi ta fi H/T surutu, kuma surutun yana ƙaruwa yayin da take tsufa. Shan mai ma zai ƙaru kaɗan, gwargwadon nauyi da girman da aka zaɓa.

Ranar saye da bayanta

A gefen kowace taya akwai jerin lambobi da ke farawa da DOT, kuma lambobi huɗu na ƙarshe su ne ranar ƙira: 2523 na nufin mako na 25 na shekarar 2023. Roba tana bushewa ko ba a yi amfani da ita ba, musamman a wuri mai zafi. Kamfanonin mota da dama suna ba da shawarar canja taya bayan shekara 6, kamfanonin taya kuma irin su Michelin sun sa shekara 10 a matsayin iyakar ƙarshe. Tayar da ta yi shekara uku a ajiye ta riga ta ci wani ɓangare na rayuwarta, don haka a duba kowacce da ido kafin a ɗaura. Taya ta hannu tana iya ɓoye rauni a ciki wanda ba ya nunawa a waje, kuma a nan ne karin maganar da ke cewa araha ba ta ado ta fi dacewa.

A sayi huɗu iri ɗaya a lokaci guda, idan da hali ma biyar. Mota mai ja da ƙafa huɗu, musamman wadda ke jan huɗun a kowane lokaci, tana bukatar tayoyinta su zama tsayi ɗaya, in ba haka ba na'urar da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya za ta riƙa aiki ba hutu har ta yi zafi ta lalace. Safaya ƙarama ko suɗaɗɗiya ba ta da amfani ga wanda taya ta fashe masa a tsakiyar daji. Bayan ɗaurawa a yi balansin da saitin ƙafafu, a kuma sake ɗaure notoci bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100.

Iska ita ce rabin aikin taya. A auna ta da safe kafin mota ta yi tafiya, aƙalla sau ɗaya a wata, da geji na kanka, domin tana sauyawa da kusan psi 1 a duk sauyin zafi na digiri 5 zuwa 6 a ma'aunin Selsiyus. A cikin yashi, rage iska zuwa psi 16 ko 20 yana tsawaita tafin taya a ƙasa har mota ta daina nutsewa, kuma sau da yawa wannan ya fi canja samfurin taya tasiri. A kan duwatsu da burji mai gargada, ragewa kaɗan yana sa taya ta lanƙwashe a kan dutse maimakon ta huje. Amma da ƙarancin iska ba a gudu kuma ba a murɗa sitiyari da ƙarfi, domin leɓen taya na iya zamewa daga rim. Da zarar an dawo kwalta a mayar da iskar nan take, wanda ke nufin famfon lantarki ya zama cikin kayan mota na dindindin. Taya mai ƙarancin iska tana lanƙwashewa fiye da kima, tana tara zafi, zafin kuma yana raba roba da wayar ciki. A watan Agustan 2000 kamfanin Firestone ya janye tayoyi kusan miliyan 6.5 na samfurin ATX, ATX II da Wilderness AT a Amurka, bayan haɗurran da zanen taya ke ɓarewa daga jikinta, galibi a motocin Ford Explorer kuma a jihohi masu zafi. An gano matsala a ƙirar tayoyin, an kuma ambaci ƙarancin iska, zafi da nauyin lodi cikin abubuwan da suka tsananta lamarin, kuma wannan ne ya kai ga dokar da ta wajabta na'urar gargaɗin ƙarancin iska a sababbin motocin ƙasar.

A riƙa sauya wa tayoyi mazauni, na gaba su koma baya, duk bayan kilomita 8,000 zuwa 10,000, a sa safaya cikin zagayen idan irinsu ɗaya. Manyan haƙoran A/T suna da saurin cinyewa a karkace, gaban haƙori ya fi bayansa tsayi, kuma idan ka shafa tafin hannunka a kan zanen ka ji yana kama hannu ta gefe ɗaya kamar zarto, alama ce cewa an makara wajen sauyawa, kuma daga nan gurnani ke farawa. Bayan kowace tafiyar daji a zagaya mota a duba gefen tayoyi, ciki da waje. Hujin ƙusa a tafin taya yana karɓar faci daga ciki, amma yanka mai zurfi ko kumburi a gefe ba shi da gyara, sai canji. Doka a ƙasashe da yawa ta sa milimita 1.6 a matsayin mafi ƙarancin zurfin zane, sai dai A/T tana rasa riƙon ruwa da na laka tun kafin nan, don haka idan zane ya sauko kusan milimita 4, lokacin fara neman sababbi ya yi.